FAƊUWAR TAURARI A DAREN HUNTURU: ME MUSULMA ZA TA CE?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙawata sama da taurari, ya sanya mana dare domin hutawa da kuma ganawa da Shi. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata a Musulunci, duk shekara idan sanyi ya kankama, wajen 13 da 14 ga watan Disamba, akwai wani abin mamaki da yake faruwa a saman kawunanmu alhali yawancinmu muna cikin bargo. A waɗannan darare haske kan riƙa gilmawa a sama ɗaya bayan ɗaya, irin wanda muke cewa tauraro ya faɗi. Mu da muke Tamawa da sauran ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, inda hasken lantarki bai cika sama ba, mun fi mutanen Kano da Kaduna samun damar ganinsa.

Kin kuma san abin da akan ce idan an gani. Wata ta ce wani sarki ko wani babban malami ya rasu. Wata ta ce an haifi wani babba. Mai ciki ta tsorata, mai majinyaci a ɗaka ta kwana da fargaba. Yaranmu kuwa sun koyo a finafinan Indiya da na Turawa cewa idan tauraro ya faɗi sai mutum ya rufe ido ya faɗi burinsa, wai zai cika. Wannan magana ta taɓa aƙida, kuma ke ce makarantar farko a gidanki. Abin da kika faɗa a tsakar gida a wannan lokaci, shi yaro zai riƙe har girmansa.

MENE NE YAKE FAƊOWA?

Da farko ki sani cewa abin da muke gani yana gilmawa ba tauraro ba ne na haƙiƙa. Taurari manyan halittu ne masu ci da wuta kamar rana, ita ma ranar tauraro ce, kuma faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 109. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso idonmu. Abu mai irin wannan girma da nisa ba zai faɗo bayan gari ba.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙananan tsakuwoyi da ɓurɓushin duwatsu da suke yawo a sararin samaniya, yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ko ƙwayar gero ba. Idan ɗaya ta shigo iskar da ta lulluɓe duniya da gudu mai tsanani, sai ta yi zafi ta ƙone, iskar da ke kewaye da ita ta yi haske. Wannan yana faruwa a tsawon kamar kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Na watan Disamba gudunsu ya kai kilomita 35 a cikin sakan ɗaya. Wato tafiyar da mota ke yi daga Dutsin-Ma ta bi ta Kurfi ta shiga Katsina, su ba za ta ɗauke su sakan biyu cikakku ba.

To me ya sa suke yawa a Disamba? Akwai wani ƙaton dutse mai faɗin kamar kilomita 5 zuwa 6, wanda masana suka gano a shekarar 1983 suka sa masa suna Fayeton. Yana kewaya rana cikin kwana 524, kuma a kan hanyarsa akwai ɓurɓushi barjat, kamar yadda buhun gero mai huda ke barin sawu tun daga kasuwa har gida. Ita kuwa duniyarmu, a kewayenta na shekara, tana ratsa wannan sawu a tsakiyar Disamba. Shi ya sa ake sanin ranar tun kafin ta zo. Masana suna kiran wannan ruwan taurari Jeminid, an fara lura da shi tun 1862, kuma idan sama ta yi tas babu wata babu hazo akan ƙirga har 120 a awa ɗaya.

Ki tsaya ki yi tunani a nan, 'yar'uwa. Idan kowane haske mutuwar sarki ne, sarakuna nawa za su mutu a dare ɗaya? Kuma wane irin ajali ne wannan da yake jiran 14 ga Disamba duk shekara?

Akan samu dutse babba wanda bai gama ƙonewa ba ya iso ƙasa, amma wannan daban yake da ruwan taurarin Disamba. A jiharmu ta Katsina ma ya taɓa faruwa. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, can wajen Faskari, kusa da wani manomi da yake korar tsuntsaye a gonarsa, Allah ya tsare shi. Daga baya bincike ya nuna cewa dutsen ɓallowa ya yi daga duniyar Mars, kuma har yau masana a duniya da sunan Zagami suke kiransa. Wani irinsa mai fiye da kilo 24 da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an sayar da shi a Amurka a 2025 a kan fiye da dala miliyan 5. Sauran kuwa, masu yawan da ba ya ƙirguwa, Allah ya sa iska ta cinye su tun suna sama. Wannan ni'ima ce da muke kwana a ƙarƙashinta kullum, kuma 'yan kaɗan ne suke tunawa su gode.

ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA KARANTAR DA MU

Alƙur'ani ya kira wannan haske shihabi. Ki duba Suratul Hijri aya ta 16 zuwa 18, da Suratus Saffati aya ta 6 zuwa 10, da Suratul Mulki aya ta 5, da Suratul Jinni aya ta 8 da 9. A dunƙule sun sanar da mu cewa Allah ya yi wa sama ado, ya kuma tsare ta daga shaiɗanu masu satar ji, duk wanda ya yi ƙoƙarin sato magana sai a bi shi da wuta mai haske.

Wata za ta ce, Malama, to wanne za mu ɗauka, bayanin masana ko na Alƙur'ani? Amsa ita ce babu karo a tsakaninsu. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya bayyana a tafsirinsa cewa ba taurarin da ke kafe a sama ake jifa da su ba, ana jifa ne da shihabai waɗanda suke ƙasa da su. Ya faɗi haka shekaru ɗaruruwa kafin a harba na'ura sama. Masana suna gaya mana sababin da ido da awo suke iya kaiwa gare shi. Wahayi kuma yana gaya mana gaibun da ba mai saninsa sai an sanar da shi. Kamar ruwan sama ne: mun san hadari ke kawo shi, mun kuma yi imani akwai mala'ikan da aka wakilta a kansa. Saboda haka Musulma ta yi imani da jifan shaiɗanu kamar yadda ya zo, ba tare da ta nuna wani haske guda ta yanke cewa wannan aljani kaza aka jefa ba.

Maganar mutuwar babban mutum kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya kashe ta. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA), shi kuma daga wani mutumin Ansar, cewa wani dare suna zaune tare da Manzon Allah (SAW) sai aka yi jifa da tauraro ya haskaka. Sai ya tambaye su abin da suke cewa a zamanin jahiliyya idan sun ga haka. Suka ce sukan ce an haifi wani babba ko wani babba ya mutu. Sai ya sanar da su cewa ba a yin wannan jifa don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya bayyana musu yadda umarnin Allah ke saukowa daga sama zuwa sama a tsakanin mala'iku, aljanu su fizgi abin da suka fizga su kai wa abokansu bokaye, su kuma su cakuɗa shi da ƙarya.

Kin ga ke nan maganar da muke ji a bakin kakanninmu, ita ce dai ta Larabawan jahiliyya, babu abin da ya canza. Haka kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi (SAW), yana cikin zafin rashin ɗa, ya tashi ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar kowa. Idan sama ba ta canza don ɗan fiyayyen halitta ba, don wa za ta canza?

INDA HAƊARIN YAKE

Bukhari ya kawo maganar Ƙatada, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, cewa amfanin taurari uku ne: ado ga sama, jifan shaiɗanu, da alamomin gane hanya. Duk wanda ya nemi wani abu a cikinsu bayan waɗannan ya ɓata rabonsa. Daga nan malamai suka raba ilimin taurari gida biyu.

Na farko halal ne, wato sanin tafiyarsu don gane alƙibla, da lokaci, da shigowar yanayi. Shi ne irin lissafin da malamanmu da manomanmu suke yi na taurari 28, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Mata ma ba a bar su a baya ba a wannan fage. A birnin Halab na ƙasar Sham, zamanin Saifud Daula, an yi wata mata da ake kira Al-Ijliyya wadda sana'arta ita ce ƙera na'urar auna taurari.

Na biyu haramun ne, wato ƙudurta cewa tauraro yana da tasiri a kan arziki, ko aure, ko haihuwa, ko ajali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya ɗebi wani yanki na irin wannan ilimi ya ɗebi yankin sihiri. A Hudaibiyya ma, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa mai jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, mai jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mata mu ne kasuwar masu duba. Maigida ya canza fuska, sai a tafi a buga ƙasa. An ji ƙishin-ƙishin ɗin kishiya, sai a tafi a duba tauraro. Yarinya ta samu miji mai addini da sana'a, sai a kai sunansa da na mahaifiyarsa a yi hisabi, a dawo a ce tauraronsa na wuta ne nata na ruwa, ba za su zauna ba, a fasa aure a kan ƙarya. Kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da na 'yar akuyar da aka sha wahalar kiwo, duk su ƙare a buzun boka. Yanzu ma abin ya shigo waya, ana tambayarki watan haihuwarki a gaya miki abin da zai same ki a mako. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare 40. Ki lissafa, salloli 200 ke nan na farilla, waɗanda kika yi wa alwala da ruwan sanyin hunturu. Wannan fa mai tambaya ne kawai, wadda ta gaskata shi lamarinta ya fi haka muni. Shi kuma faɗin buri ga tauraro mai faɗuwa, roƙon wanin Allah ne, ko da da wasa yaro ya yi sai ki hana shi. Tsakuwar da ba ta iya kare kanta daga ƙonewa ba, me za ta ba wani? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tauhidi suna raba su da bori da camfi. Wannan aiki yau a wuyanmu yake.

SHIN YA HALATTA A KALLA?

Kallon sama domin tunani umarni ne, ki duba Suratu Yunus aya ta 101 da Suratu Ƙaf aya ta 6. Bukhari ya ruwaito cewa Ibnu Abbas ya kwana a ɗakin innarsa Maimunatu (RA), matar Annabi (SAW). Da dare ya yi nisa sai ya ga Manzon Allah ya tashi ya dubi sama, ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, sannan ya yi alwala ya yi salla. A ɗakin aure aka yi wannan, yaro yana kallo, kuma yaron nan shi ya zama babban malamin tafsiri na wannan al'umma.

Sai dai amanar ilimi ta sa dole in gaya miki cewa Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Ƙatada (RA) cewa an hana su bin tauraro da ido idan ya faɗi. Imamu Nawawi ma a littafinsa Al-Azkar ya ware babi a kan abin da ake faɗa a lokacin, inda ya kawo ruwayar da ta haɗa wannan hani da ambaton Allah da mayar da ƙarfi da iko gare Shi, ko da yake malaman hadisi sun raunana isnadin ita wannan ta biyun. Ladabin da za ki ɗauka shi ne, idan hasken ya gilma kada ki bi shi da ido kina neman inda zai sauka, ko kan gidan wa ya nufa, domin nan ne ƙofar camfi take. Ki bar idonki a faɗin sama, harshenki ya tafi ga tasbihi. Wadda kuma ta ga ya fi mata natsuwa ta kau da kai gaba ɗaya, ta yi abu mai kyau, kada a zarge ta.

YADDA ZA KI YI A GIDANKI

1. Ki shawarci maigida tun da rana, in da hali a zauna tare da shi da yara da abokiyar zama. A tsakar gida za a zauna. Halin tsaron da yankinmu ya shiga a shekarun nan ba ya son fita bayan gari ko hawa kan soro da dare, kuma tsare rai wajibi ne, kallo kuwa ba wajibi ba ne.

2. Ki duba kwanan watan Musulunci. Farin wata yana dushe su, kamar yadda ya faru a 2024 da kwanakin suka zo daf da cikar wata. A 2026 kuwa sun dace da farkon Rajab na 1448, jinjirin wata yana faɗuwa da wuri ya bar sama da duhu. Idan hazo ya yi kauri a daren 13, ki gwada na 14.

3. A kashe ƙwai da cocila, a ajiye waya. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma yana mayar da ke baya. Ba a bukatar wata na'ura, tabarma da bargo sun isa.

4. Wajen ƙarfe 10 na dare ki fuskanci gabas. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, tana kusan tsakiyar sama. Ƙasa da ita akwai taurari uku a jere. Ki bi layinsu zuwa ƙasa, za ki ga wani fari fat da ya fi kowane tauraro haske, shi ne Shi'ira wanda Allah ya ambata a Suratun Najmi aya ta 49, ya ce Shi ne Ubangijinsa, domin wasu Larabawa sun bauta masa. Ki nuna wa yara shi. Ta hannun hagu kuma, wajen arewa maso gabas, akwai wasu biyu masu haske kamar tagwaye, masu lissafi suna kiransu Zira'a. Daga wajensu hasken zai zama kamar yana fitowa, amma yana iya gilmawa ko'ina a sama.

5. Sun fi yawa tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na dare. Idan kin ga 20 ko 30 a awa ɗaya, kin yi kallo. Ki sa babban yaro ya ajiye tsakuwa ɗaya a kwano duk lokacin da aka ga ɗaya, da safe ya ƙirga ya rubuta a littafinsa tare da kwanan wata da lokaci. Irin wannan ƙirga ta mutanen gida ce masana suke tattarawa daga ƙasashe daban-daban. Wadda ta rasa na Disamba, akwai wani a asubahin 3 ko 4 ga Janairu, sai dai shi awoyinsa kaɗan ne.

6. A rufe wa yara kai da ƙirji da ƙafa, mai asma da jariri su zauna a ɗaka. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba, ga kuma gobarar hunturu.

7. Kada kallo ya cinye sallar Asuba. Wadda ta san ba za ta iya tashi ba, ta kalla bayan Isha'i ta kwanta.

KAMMALAWA

'Yar'uwa, ki lura da wani abu. A tsakiyar Disamba sulusin dare na ƙarshe a wajenmu yana shiga ne wajen ƙarfe 2 saura, daidai lokacin da ruwan taurarin ya fi yawa. Shi ne kuma lokacin da ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Ubangijinmu yana kiran masu roƙo ya ba su, masu neman gafara ya gafarta musu. Damuwar da take kai mace wurin boka, ta miji ce, ko ta haihuwa, ko ta auren 'ya, ko ta abin sawa a tukunya, ga lokacin kai ta inda za a biya, ba kuɗin mota ba kuɗin turare. Ki kalli sama, ki yi alwala, ki yi ko da raka'a biyu ne, ki faɗa wa Allah komai.

Ki kuma tuna wa yaranki cewa akwai ranar da taurari na haƙiƙa za su warwatse, kamar yadda farkon Suratut Takwir da Suratul Infiɗar suka faɗa, surorin da suke haddacewa a Islamiyya. A ranar kowace rai za ta san abin da ta gabatar.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya raba mu da shirka babba da ƙarama, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Kurfi da Dutsin-Ma da jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.